Geron da Na Ci a Balma

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ina sanar da ke cewa na je Balma, garin gishirin da ƙanenki Kawu Bukar ya bi fatake ya tafi bai dawo ba. Na tarar ya rasu. Ɗansa Modu ne ya sauke ni.

Kin san abin da na zama. Na ƙarar da ƙarfina ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, yau waɗanda na koyar sai su wuce ni a bakin titin Dogo Tebo, gilashin mota a rufe. Na gaji da garin nan da mutanensa. Shi ya sa da wani dillalin shanu ya ce motar da ke kawo musu gishirin lasa za ta koma ta Diffa, na ce a ajiye mini wuri.

Surukarki Hadiza ta ɗaure mini buhun gero daga na gonar Danchuwa. Na ce ta mayar, ni ba ɗan ci-rani ba ne da zan shiga gidan dangi da buhu a ka. Na sayi shadda da turare na sa a jaka.

Iya, ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Rairayi har inda ido ya gaji, sai ga dabino, sai ramukan gishiri, ruwan wani ja, na wani kore-kore. Maza na tsaye a ciki, ƙafafunsu duk sun tsage. Su kwaɓa gishirin, su cusa a kututturen dabino da aka fafe, su kife, sai kantu ya fito, a jera shi a rana kamar sahun masallata. Har katangar gidan Modu da ƙasar gishiri aka gina ta. Na lasa don in tabbatar, ya yi ta dariya.

Ya karɓi shaddar da hannu biyu, ya yi godiya. Na ga ya dubi ƙofa sau ɗaya, kamar mai jiran sauran kaya. Ban gane ba.

Da safe kunu, da rana fura, da yamma tuwo. Ni kaɗai ake ajiye wa kwano. In na ce Modu ya sa hannu, sai ya fito da dabino daga aljihu, wai shi ya fi so. Na ci, na ƙara. Har na yi ƙorafi wata rana cewa tuwon ya yi ruwa. Kin san bakina.

Wata safiya na zagaya neman buta, na tarar da matarsa Falmata ta juya buhu ciki waje a kan tabarma, tana kaɗe kusurwoyinsa, tana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya. Da ta gan ni sai ta zauna a kan buhun, ta shiga tambayata gajiya.

A nan na tuna. Gero ba ya fita a ƙasar nan. Ayarin raƙuma ke kawo shi idan sanyi ya shigo, a yi musaya da gishiri da dabino, a yi ta lallaɓa shi har shekara ta zagayo. Ni kuwa na sauka a ƙarshen ajiyarsu, ayari bai iso ba. Wannan darasi da hannuna na sha rubuta shi a allo, har na zane yara a kansa. Ke ma kin sha faɗa, mai zuwa arewa hatsi ne sallamarsa.

Na ce cikina ya ɓaci, a daina yi mini tuwo. Sai Falmata ta shiga maƙwabta ta aro gero, ta dama mini kunun mara lafiya. Na shanye shi, Iya, tana tsaye a kaina tana yi mini sannu.

Ina dawowa na ɗora musu buhunan gero a motar gishirin nan. Sun kai Diffa, aka rufe hanya. Suna can jibge a shagon wani, direba ya ce ƙwari sun fara shiga. In na samu Modu a waya, sai ya ce lafiya lau suke, ya tambayi cikina. Ban san me suke ci ba, ba kuwa zai faɗa mini ba.

Iyata, da kina nan da na zo na zauna a bakin gadonki kin yi mini faɗa, na ji sanyi. Yanzu babu mai yi mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya jiƙan Kawu Bukar. Allah ya buɗe hanyar nan tun da sauran gero a cikin buhunan, ya sa Falmata ta mayar wa maƙwabtanta abin da ta aro saboda ni.

Ɗanki,
Tijjani