Kwalaben da ka bari a firji

Assalamu alaikum, Malam.

Ka gafarce ni da zan dame ka kana kwance. Na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba, amma wa zan tambaya in ba kai ba?

Gida lafiya. Hadiza ta koma makaranta. An fara zuba kwalta a hanyar Gyallesu, motoci sun yi yawa, kowa ya sayi rediyo da fanka. Wuta ce dai ba ta zama. Tun shekaranjiya aka ɗauke, firjin nan ya huce.

Maganar kwalabenka ce. Waɗanda ka kawo daga wurin aiki lokacin da firjinku ya lalace, kowace da ɗan tantani a cikin ruwa, siriri kamar ɓawon albasa. Ka ce ka ɗaure wani sinadari mai cin suga a jikinsa, kamar akuya a turke, ta ci abin da aka kawo mata ba ta tafi ko'ina ba. In aka ɗaura tantanin a bakin wani ɗan ƙarfe na na'urar awo, ɗigon jini ya taɓa shi, allurar na'urar za ta nuna yawan sugan mutum nan take. Ka ce da akwai irinsa da Innarka ba ta rasa ƙafarta ba. Ban taɓa gaya maka ba, rabin bayaninka ban gane ba, amma ina son jin muryarka in kana yi.

Abu ɗaya na riƙe: zafi yana kashe shi.

Na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na jera a gindin randa. Yau da safe na ga ruwan ɗaya ya fara gurɓacewa. Mutuwa ke nan ya yi? Ko haka yake yi dama? Dokta Emeka, abokin aikinka, ya tafi Legas. Na aika a kai su wurin aikinka a Samaru, mai gadi ya ce ba ya karɓa sai daga hannun iyalinka.

Ni kuwa ina takaba. Na karanta cewa mace tana iya fita da rana saboda lalura ta dawo ta kwana a ɗakinta. Yaya Asabe ta ce kwalba ba lalura ba ce, kuma duk Tudun Wada za a ce ban jure zaman ba. Ban yi mata musu ba, yayarka ce. Amma aikin da ya hana ka barci shekara da shekaru, in zauna ina kallo ya ruɓe a gindin randa?

Na yi niyya, in gobe da hantsi wuta ba ta dawo ba, zan lulluɓa in shiga mota in kai su Samaru, in dawo kafin la'asar. In saɓo ne, Allah Ya yafe mini, kada Ya rubuta maka.

Allah Ya haskaka makwancinka. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ko a mafarki ne, kafin gobe da hantsi.

Mai yi maka takaba,
Maman Hadiza