Mahaifata Tana Nan, Ku Gyara Lambarku

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi mini tiyata a Gusau,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ban ambaci sunan asibitinka ba don gyara nake nema, ba tozarci ba. Sau biyu na rubuto maka a rufe ban ji amsa ba, shi ya sa yau na rubuta a buɗe.

Ni malamar firamare ce a Tsafe, shekarata arba'in da tara. Shekara uku da suka wuce aka kwantar da ni a wurinku saboda ƙari a mahaifa. Likita ya ce mai yiwuwa sai an cire mahaifar gaba ɗaya, na sa hannu. Da ya buɗe, Allah ya sawwaƙe, ya yanke ƙarin kaɗai ya bar mini mahaifata. Da bakinsa ya gaya mini, ya kuma rubuta a takardar bayan aiki.

Koke uku gare ni. Na ɗaya. Kowane aiki da kuke yi yana da lambarsa, ita ake shigarwa a kwamfuta. Cire ƙari lambarsa daban, cire mahaifa lambarsa daban. Ma'aikacin ɗakin kati da ya shigar da tawa bai buɗe takardar likita ba. Jerin da ake liƙawa a ƙofar ɗakin tiyata ana gobe aiki ya kwafa, wato abin da aka yi niyya, ba abin da aka yi ba. Wata ma'aikaciya ta ce mini haka suka saba, wai rubutun likitoci ba ya karantuwa. Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyar ina duba rubutun 'yan aji uku, wani kamar kaza ta yi tono, amma ban taɓa ba yaro maki a kan abin da ya yi niyyar rubutawa ba.

Na biyu. Tun bayan ƙaramar Sallah nake zubar da jini, ba irin na al'ada ba. Nas ɗin garinmu ta ce a shekaruna wannan ba abin wasa ba ne, in zo a yi mini gwajin bakin mahaifa. Na zo. Mai ba da kati ya dubi kwamfuta, bai dube ni ba, ya ce wadda ba ta da mahaifa ba ta da wannan gwajin, ya tura ni layin masu ciwon mafitsara. Can na wuni. Likitan wurin ya ce ba nasa ba ne, ya mayar da ni inda na fito, kwamfuta ta sake ƙi.

Na uku. Na nemi a gyara, aka ce sai likitan da ya yi aikin ya sa hannu, shi kuwa ya bar jihar. Takardarsa tana cikin fayil ɗina, na gan ta da idona. Na kawo hoton ciki da aka ɗauke ni a Bungudu, inda 'yata take aure, ga mahaifa nan ƙuru-ƙuru. Aka ce hoton waje ba ya gyara lambar ciki. Sau biyar ke nan ina hawa motar Tsafe zuwa Gusau, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a hawanta don nishaɗi.

Abin da nake roƙo shi ne ka sa wani likitan mata ya karanta takardar nan, ya sa hannu a gyara lambar, a yi mini gwajin cikin makon nan. Ka hana ɗaukar lamba daga jerin ƙofa. In rubutun likita ya gagara, a tashi a tambaye shi, ba nisa tsakanin ofisoshinku. Ka kuma sa a bincika fayilolin da aka shigar ta wannan hanya, don yawancin matan da muke bin layi tare ba su iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba.

Yayata da irin wannan jinin ta fara. Ta ɓoye, aka gano nata a makare, muka binne ta. Ni ban ɓoye ba, da ƙafata na zo da wuri. In aka makara a kaina, ba ni na makara ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya tsare matan gidanka daga irin wannan yawo.

Wassalam.

Malama Hadizatu, Tsafe.