Kaset ɗin Jirgin Faifai

Gure, 4 ga Afrilu 2024

Zuwa ga aminiyata Zinariya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Yaya ƙafar taki? In har yanzu kina gudun likita, to kada ki ƙara kawo mini ƙorafi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa mu gaba.

Na zaɓi takarda ne don na san a waya kuka zai hana ni magana. Shekaranjiya na buɗe akwatin marigayi maigidana, wanda wata goma sha huɗu ban taɓa ba, sai ga kaset ɗin Jirgin Faifai. Kin tuna shi ai, tsohon fim ɗin nan na mutanen da suka bar duniya a jirgi mai kama da faifai, suna neman wata duniyar da za su zauna. A tele, wato talabijin, ya ɗauko shi, lokacin da yake da gidan kallo a bayan tasha. Da ya ga mutane ba su jin Faransanci, sai ya ɗora muryarsa a kai. Shi kaɗai yake maganar kowa, maza da mata, har da mutum-mutumin ƙarfen nan mai tafiyar agwagwa. Shugaban jirgin ya raɗa masa Mai Gari, halittun waccan duniyar kuma ya ce 'yan Kelle ne suka ɓata hanyar kasuwa. Har daga Bune ake zuwa kallo.

Zinariya, duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage. Kin san shi da waya, bai taɓa yarda ya aika saƙon murya ba. Hotuna ina da su, amma hoto ba ya tari, ba ya dariya. Bidiyonmu ta mutu tuntuni, na bincika Gure kaf babu mai irinta. Shi ya sa na naɗe kaset ɗin a ɗankwali, na ba direba ya kai wa ɗanki na Yamai, ɗan farin nan nawa, na ce a juye mini fim ɗin a ɗan katin nan da ake sa wa waya.

Na san abin da za ki tambaya. Ban gaya masa dalili ba. Da wane baki zan ce wa ɗan fari, wanda ko sunansa ban taɓa kira ba, ina begen muryar ubansa? Cewa na yi 'ya'yan ƙanwarsa Balkisa ke son gani. Yana rarrafe aka rufe gidan kallon, bai san abin da ke ciki ba, amma in ya kunna ai zai ji da kunnensa, ya hutar da ni bayani.

Ki gaishe da mutanen Damagaram. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Yakura

Gure, 27 ga Afrilu 2024

Zinariya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji kin je an duba ƙafar, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ƙara miki jin magana.

Katin ya iso ran Laraba. Sai da na yi wanka na sa turare kafin in kunna, ki yi dariyarki, ban hana ki ba. Na rufe ɗaki da rana tsaka, na zauna a gefen gado, na kunna.

Ba shi ba ne. Ashe Turawan sun sake yin fim ɗin da sababbin mutane. Komai fes, launi har kashe ido yake, jirgin ya zama wani ƙaton abu mai fitilu. Hausar ma akwai, amma wani ne can yake zuba ta da ihu kamar mai tallan magani a kasuwa. Na daure har ƙarshe, ina cewa ƙila namu yana biye. Babu komai a bayansa.

Da la'asar ɗan naki ya kira, muryarsa cike da murna. Wai mai shagon da ya kai wa ya ce kaset ya yi fumfuna, kuma me za a yi da tsohon yayi alhali ga sabo ya fito. Shi ne ɗan naki ya zaɓar mini mafi kyau. Ko kunna nawa ba su yi ba. Na sa masa albarka, sannan na tambayi kaset ɗin a kaikaice, kamar mai tambayar tsohon takalmi. Ya ce a shagon ya baro shi. Na ce ya karɓo mini, kayan gado ne. Ya yi dariya, ya ce ran Asabar in ya samu sarari.

Wallahi maganar ta zo mini har kan harshe, na haɗiye ta. Tun ranar abinci ba ya shiga mini. Ina jin tsoro, Zinariya.

Ki gaishe da Alhaji.

Yakura

Gure, 25 ga Mayu 2024

Aminiyata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gida. Wasiƙarki ta same ni, faɗan da kika yi mini kuma na karɓa, don gaskiya kika faɗa. Sai dai ya zo a makare.

Asabar uku ta wuce kafin ya je. Mai shagon ya yi shara, ya haɗa kaset ɗin da tarkace an kai juji an cinna wuta. Ɗanki ya ba ni haƙuri irin wanda ake bayarwa in an fasa kofi, na ce ba komai. Ban ga laifinsa ba. Abin da na roƙa, shi ya yi, har ya ƙara da nasa alheri. Ni ce na aika da mijina a ɗankwali, na ce fim ne.

Jiya na gwada wata dabara. Na kunna sabon, na kashe sautin, na ce bari in riƙa faɗin maganganunsa da kaina, tunda na haddace su. Ba su zauna ba. Inda Mai Gari yake tsayawa ya yi tsaki kafin ya yi wa mutanensa faɗa, wannan sabon ba ya tsayawa, gudu kawai yake yana harbi. Abin da ya fi ci mini rai, kalmomin suna nan a kaina ɗaya bayan ɗaya, amma da muryata nake jin su. Na rufe ido na nemi tasa, na rasa. Shekara talatin da huɗu tana tashe ni sallar asuba, yau ko amonta na kasa kamowa. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Yanzu ga roƙona. Ɗanki zai zo Sallar layya. Ya ce ya sayo mini babbar tele, don mu zauna da yaran Balkisa mu kalli fim ɗin da Baba yake so. Na san bakinki, kuma na san yana biyowa ta wajenki in zai wuce. Don girman Allah kada ki gaya masa. Ni na san muryar kafin in rasa ta. Shi bai san ya riƙe ta a hannunsa kwana ashirin ba, kuma in ya sani ba zai yafe wa kansa ba.

Zan shimfiɗa tabarma in zauna kusa da shi, in kalla har ƙarshe, in ce ya yi kyau.

Allah ya bar zumunci, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Taki har kullum,
Yakura