Semon Da Na Ɓoye Wa Matata

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, don ni ma sati biyu ke nan ina zagin kaina.

Matata ba ta cin alkama. Ba iyayi ba ne, likita ne ya hana ta bayan ta daɗe tana rama, ciki kullum a kumbure. Burodi, taliya, fulawa, semo, duk ta yi sallama da su. A gida babu matsala, amma ku fita da irinta cin abinci a garin nan ku ga takaici! Ka tambayi mai masa ko ta sa fulawa, ta harare ka kamar ka zagi uwarta. Wani ya ce maka "no problem, oga" alhali ko tambayar bai ji ba. Kuma kullum ni ne mai tambayar, don ita kunya take ji, sai ta zauna a mota ni in shiga ina bincike kamar ɗan sanda.

Wata Asabar mun fito daga kasuwar Gudu, rana ta take, mun tsaya wuri uku babu abin da za ta iya ci. Ni yunwa, ita tsaki. Na huɗun rumfar wata mata ce 'yar Paikon Kore, ana ce mata Maman Ladi, mai tuwon shinkafa. Na tambaye ta, sai ta ce da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba, "Oga, ba zan yi maka ƙarya ba. Shinkafan yau ya yi ruwa, na ɗaure shi da semo kaɗan. In madam ba ya ci, ka jira in dafa masa doya." Doya? Sai yaushe? Na ce a raina, ludayi ɗaya na semo a cikin ƙatuwar tukunya me zai yi wa mutum? Na ce ta zuba kawai. Na koma mota na ce wa matata, "Zallar shinkafa ce, na tambaya." Ta cinye malmala biyu tana sa mini albarka.

Kafin la'asar tana murƙususu. Kwana uku ta yi a kwance, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Da ta samu ta miƙe, ba ta shawarce ni ba, ta tafi rumfar ta tsaya gaban jama'a ta kira matar nan maƙaryaciya, azzaluma. Maman Ladi ta ce mata, "Ka tambayi mijinka, na faɗa masa!" Matata ta dawo tana huci ta ce, "Ka ji, wai har sharri za ta yi maka!" Ni kuma me na ce? "Rabu da ita." Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Ba ta rabu da ita ba. Ta ɗauki hoton rumfar ta watsa a WhatsApp, ya zaga har wurin ma'aikatan da ke cin abincin rana a can. Shekaranjiya na wuce ta gaban rumfar, babu kowa a kan bencinta. Matar ta hango ni, ta ajiye mara ta tsaya tana kallona, ni kuwa na taka mota kamar ɓarawo.

Haushi nake ji, Anti, kamar in fashe. Haushin matata da ba ta iya fushi kaɗan. Haushin masu abincin da suka wahalar da ni har na gaji da tambaya. Amma wa nake yaudara? Mace ɗaya ta gaya mini gaskiya, har doya ta ce za ta ɗora, ita na bari aka tozarta saboda na kasa jiran rabin awa. Wane irin namiji ne wannan? In na faɗa, matata ba za ta sake cin abin da na miƙa mata ba tare da zargi ba, kuma ni kaɗai ta yarda da shi a kan cikinta.

Yanzu ta ce ranar Litinin za ta kai ƙara wurin duba-gari a rufe rumfar gaba ɗaya. Ta riga ta goge mini kayan da zan sa. Ta ce, "Kai ne shaidata, a kunnenka ta ce babu semo."

Me zan yi?