Shafukan da Baba Ya Yage

Zuwa ga Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Libiya? Ina fatan kana lafiya. Mu nan Agadas lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, wani abu ya ɗaure mini kai. Ka tuna littafin hotunan nan na Faransanci da muke karantawa muna lakwal, wato makarantar boko, na matafiyin da ya bar garinsu, wanda Baba ya yage ƙarshensa ya ƙunshe irin albasar Tabelot? Kai ka faɗa mini ƙarshen: ka ce matafiyin ya koma gida wurin uwarsa. Saboda labarin nan na ƙi bin abokaina haƙar zinariya, na zauna da Inna.

Ran Talata na tsinci irinsa, cikakke, wurin mai tsofaffin littattafai a kasuwa. Na karanta shi a tsaye. Yaya, matafiyin bai koma ba! Na tambayi mai littattafan ko akwai kashi na biyu, ya ce, "Malam, iyakarsa ke nan."

Mantuwa ka yi, ko kai ka ƙirƙira? Na rasa ko fushi zan yi da kai ko godiya. Kai da ka mayar da matafiyin gida, shekararka takwas ba ka zo ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da abokan zamanka. Inna ta ce in tambaye ka yaushe za ka dawo. Wane ƙarshen zan faɗa mata?

Ƙaninka,
Iliyasu