Inna Za Ta Kashe Shukarki da Ruwa

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar lelenmu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa miki aikin asibitin nan. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago. Auta ta fara koyon ɗinki, ta riga ta lalata mini wando guda.

Yaya, maganar shukar nan ce mai ƙaya da kika bar wa Inna a tukunya ranar tafiyarki. Inna za ta kashe ta, kuma da so za ta kashe ta. Safe da yamma sai ta kwarara mata ruwa. Ta ɗauke ta daga bakin taga ta tura ƙarƙashin tebur, wai kada rana ta ƙona ta. Shekaranjiya na dawo daga gareji na tarar da ita riƙe da abin yanke farce, tana cire mata ƙayoyi, wai kada su soki jikarta in kun zo. Kin san bakina. Na ce mata wannan ba reno ba ne, kisa ne. Tun daga nan ko kallona ba ta yi, abincina ma Auta ke miƙo mini.

Ba da ka nake magana ba, na karanta a wani tsohon littafi da na samo wajen mai gwanjon littattafai. Shukar 'yar fako ce. Jikin nan nata mai kauri randarta ce, ciki take ajiye ruwa. Ƙayoyin su ne ganyenta, sun tsuke ne don kada rana ta zuƙe danshi, kuma dabba ta ji tsoron kai baki. Saiwoyinta sirara ne, a sama-sama suke, su wawuri ruwa su sha iska. In suka daɗe a caɓi, ruɓewa suke yi. Na danna gindinta da yatsa, ya fara lotsawa. Na zazzage ƙasar a ɓoye na sa mai yashi, washegari Inna ta sake jiƙa ta sharkaf.

Na kai ƙara wajen Baba, ya ce ni da karatuna ban fahimci komai ba. Wai Inna ta sa a ranta in shukar ta yi yaushi, to ke ce ba ki da lafiya a can kike ɓoye mata. Shi ya sa duk ranar da ba ki kira ba ruwan ke ƙaruwa. In shukar nan ta mutu, ban san yadda za mu yi da Inna ba.

Don Allah ki kira ta, ki ce mata da bakinki a mayar da tukunyar taga, a bar ta da ƙishi. Ni ba za ta saurare ni ba. Kuma ki daina kiran nan na tsaitsaye, kullum kina sauri. Ki zauna, ki bar ta ta yi ta tambayarki me kika ci har ta gaji. In ta saki jiki, ki roƙa mini gafara. Na je ƙofar ɗakinta da niyyar haka, sai na ji bakina ya soma zancen saiwa.

Baba da Auta suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki, ki ja mini kumatun 'yar lele.

Ƙaninki,
Sarkin Tsiwa