Mataccen Agogo Yana Hannunta

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jikata. Ni dai ga ni nan, sai gwiwa da ke ta halinta. Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini, na kuma ja masa kunne kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Shekara talatin ke nan, tun da ka fara rataya jakar makaranta, ban taɓa kai magana ƙarshe a gabanka ba. Ina buɗe baki sai ka ƙarasa mini. Na haɗiye. Amma wannan ba za ta haɗiyu ba.

Asabar uku ba a kawo mini jikata shagona ba. Sai a bakin surukata na ji dalili. Wai malamarsu ta ba ta hotuna huɗu ta haɗa labari, ta sa mata agogo, minti biyu. Wai yarinyar ta yi tsit, daga baya ta cakuɗa harshenmu da na makaranta. Shi ke nan aka rubuta ba ta da natsuwa, wai surutuna ke rikita ta.

Natsuwa! Yarinyar da ko shekara biyar ba ta cika ba, nake zuba mata kusoshin agogo a tafin hannu, ƙanana kamar ƙwayar yashi, ta tsaya ko numfashin kirki ba ta yi sai na ɗaure na ƙarshe. Kai a shekarunta sau nawa ka watsar mini da su ƙarƙashin tebur?

Muna da doka ni da ita. Akwai wani mataccen agogo a aljihun teburina. Wanda ya riƙe shi, shi ke da magana, ɗayan ya kama bakinsa. In ta yi shirun nan, kalma take nema. Takan leƙa wannan harshe, in babu ta leƙa wancan, ta dawo daidai inda ta tsaya. Ni da ban san ko harafi ba na gane haka. Shekara arba'in ina gyaran agogo, ban taɓa auna maganar yaro da shi ba.

Zuwanta na ƙarshe tana ba ni labarin wata akuya da ta shiga motar haya ta ƙi sauka. Ta kai inda direba ya buɗe ƙofa ke nan, ka danna hon a waje, ka shigo ka sunkuci yarinyar. Agogon na hannunta, da shi ta tafi. Har yau maganar tata ce. Ni kuwa ina zaune ina jira, ban san ko akuyar ta sauka ba.

Ka shafa mini kanta, ka ce kada ta yar da agogon. Ka kai wa malamar takardar nan, ta faɗa mini wa ya taɓa gama labari ana ƙirga masa minti. Kai kuma kada ka aiko mini da gaisuwa a bakin mutane. Asabar ɗin nan za a kawo ta, ko ba za a kawo ta ba? Yau dai na kai ƙarshen maganata, tun da takarda ba a katse ta. Saura kai. Ka amsa mini.

Ni ne mahaifinka,
Mai gyaran agogo.